Kilomita 500 a kwana takwas cikin sanyin Ingila: wa zai raka ni?

Baban Iman (Mancesta): Assalamu alaikum jama'a. Bana hutuna ya faɗo daga 24 ga Disamba har bayan sabuwar shekara, shi ne na sa sunana a Festive 500 ɗin nan na Strava, manhajar waya da ke ƙirga nisan tafiya. Ga wanda bai san shi ba: kilomita 500 a kan keke, daga 24 zuwa 31 ga Disamba. Kwana takwas, idan an raba kilomita 62 da rabi ke nan kullum. Keken da nake zuwa aiki da shi zan hau, ba na tsere ba ne. Waɗanda suka taɓa yi ina neman shawara, kuma in akwai na kusa da zai raka ni ko da kwana biyu ne, bismillah.

Ɗan Fagge (Kano): Wa alaikumus salam. Wato ka tashi daga Kano ka je Kaduna, ka dawo, sannan ka ce bai ishe ka ba ka wuce Wudil. Nawa ake biya?

Baban Iman (Mancesta): Ko sisi.

Ɗan Fagge (Kano): To Allah ya ba ka lafiya, Yaya.

Alhaji na Leeds: Baban Iman, madalla da wannan niyya. Amma ka fara da yar da lissafin 62 da rabi ɗin nan, shi ne ke kayar da sababbin shiga. Lissafi ne na wanda yake ganin kwana takwas ɗin duk nasa ne. A ƙasar nan, a ƙarshen Disamba, ba naka ba ne. Sai ka wayi gari titi ya daskare, ko iska ta hana ka tsayawa a kan sirdi. Ranar 26 ga Disamba 2015 kogin Aire ya cika ya shanye Kirkstall Road a nan Leeds, ku ma can Irwell ya shiga gidajen mutane a Salford. Ranar 27 ga Disamba 2023 guguwa ta kwashe rufin gidaje a Stalybridge, nan bayan gidanku. Duk a tsakiyar kwanakin nan ne.

Saboda haka ka lissafa da kwana shida, kusan kilomita 85 kullum. Kwana biyu na farko, in gari ya yi kyau, ka zuba ɗari-ɗari ka ajiye. Wanda ya ce zai rama a 30 da 31 yawanci shi ne ke fita ranar da bai kamata a fita ba.

Shi kansa wanda ya ƙirƙiro abin, Graeme Raeburn, wanda a lokacin yake zanen kaya a kamfanin kayan keke na Rapha a Landan, kilomita 1000 ya fara ɗora wa kansa, daga baya aka raba biyu. A 2010 aka buɗe wa jama'a, kuma wannan Disambar ce ta fi kowace sanyi a Birtaniya cikin shekara ɗari. Tun asali ba ƙarfin cinya ake gwadawa ba, haƙuri ne da iya karanta gari.

Baban Iman (Mancesta): Na gode ranka ya daɗe. Ni da na yi niyyar in riƙa fita da zarar an idar da asuba, in dawo da wuri.

Alhaji na Leeds: A'a. Wannan lokacin ne mafi haɗari. Rana ba ta fitowa a wajenku sai wajen 8:25, kuma kafin 4:00 ta faɗi. Awa bakwai da rabi ke gare ka, kuma biyun farko na ƙanƙara ne. Ba dusar da kake gani fara fat nake ji maka ba, wannan kowa na ganin ta. Akwai wadda ba ta da launi. Za ka ga kwalta ta yi baƙi tana sheƙi, ka ɗauka jiƙewa ta yi. Ka saurari tayarka: a kan jiƙaƙƙen titi tana ɗan yin tsss, tana fesa ruwa. In titi na sheƙi amma taya ta yi shiru, ƙanƙara kake takawa. Kada ka taɓa birkin gaba, kada ka karya kan keke, ka daina feda ka bar shi ya wuce da kai a miƙe. Ta fi zama a kan gada, da ƙarƙashin bishiyoyi inda rana ba ta kaiwa, da kwanar da ruwan gona ke gangarowa.

Ni ƙa'idata, in wayata ta nuna ƙasa da digiri 3 da safe, ba na fita sai 10:00, kuma titin da bas ke bi nake bi, don su ne motocin zuba gishiri ke fara bi. Ƙananan hanyoyin ƙauye masu daɗin hoto ba a zuba musu komai. Ka nufi kudu, wajen Wilmslow da Knutsford, ƙasar Cheshire shimfiɗaɗɗiya ce. Ka manta da hanyoyin kan tsauni na Snake Pass da Cat and Fiddle. Sun haura mita 500, a wannan lokacin har rufe su ake yi, kuma babu wanda zai ƙara maka maki don ka hau tudu. Nisa kawai ake ƙirgawa.

Malam Habu (Birmingham): Salamu alaikum. Kafin a yi nisa da gishiri da birki, ni tambaya biyu ce da ni. Ta farko, abu ya fara jajibirin Kirsimeti ya ƙare jajibirin sabuwar shekara, ba mu shiga bikin da ba namu ba? Ta biyu, Alhaji ya ce a fita 10:00. Azahar tana shiga jim kaɗan bayan 12:00, la'asar kafin 2:00, magariba kafin 4:00. Salla uku cikin awa huɗu, mutum yana kan keke a bayan gari. Kuma duk yadda aka juya kwana takwas, sai Juma'a ta faɗo a ciki.

Maman Sultan (Landan): Malam, ta farkon ina ga ba sai an wahala ba. Babu coci a ciki, babu addu'a, babu wani abin ibada. Kamfanin sayar da kayan keke ne ya ga mutane na zaune a gida suna ciye-ciye, ya ƙirƙiro abin da zai sa su fita su kuma tuna da rigunansa. Talla ce tsagwaronta. Mu ma hutun nan dole aka ba mu shi, makarantun yara a rufe suke. In ana neman abin zargi, a kuɗin rigunan za a same shi.

Malam Habu (Birmingham): Hajiya na karɓa, ban ce haramun ba ne, tambaya na yi. Amma ta biyun tana nan. Kuma kada wani ya ce ai matafiyi ne zai yi ƙasaru. A mazhabarmu nisan ƙasaru mil 48 ne, kusan kilomita 80, kuma tafiya kaɗai ake ƙirgawa, ba a haɗa ta da dawowa. Wanda ya zagaya ƙauyuka ya dawo gidansa bai yi nisan kilomita 30 da ƙofarsa ba, ko da wayarsa ta rubuta 100, ba matafiyi ba ne. Maganar haɗa azahar da la'asar tana da sauƙi fiye da haka a wajen malamai, amma kowa ya zauna da limamin masallacinsa ya faɗa masa gaskiyar abin da zai fita yi.

Alhaji na Leeds: Malam ya yi gaskiya, kuma ba ta kai ga neman rangwame ba. Ka yi alwala a gida kafin ka sa safa. 'Yar dardumar aljihu ta leda ba ta kai nauyin ayaba ɗaya ba. Ka tsara hanya yadda azahar za ta same ka kusa da fili ko wurin shan shayi, ka yi ta a ƙarshen lokacinta, ka ɗan sha shayi la'asar ta shigo, ka yi ta, ka kama hanya. Tsayawa ɗaya, salla biyu, kowace a lokacinta. Sai dai ka ɗora wata riga kafin ka tayar da salla, don gumi na huce maka a jiki cikin minti biyar. Ranar Juma'a kuwa ka yi gajere, ka biyo ta masallacin Cheadle a hanyar dawowa, a kan titin Wilmslow yake.

Ɗan Damagaram (Montreal): Ku kuna maganar digiri 3, mu nan ƙasa da sifili da 15 ba labari ba ne. Tun 2020 aka yarda a ƙirga wanda aka yi a cikin ɗaki. Na ɗaura kekena a kan na'ura a ƙasan bene, na kunna Zwift, manhajar tuƙa keke a ɗaki, na buɗe taga. Ba ƙanƙara, ba duhu, lokacin salla na sauka na hau sama. Baban Iman ka yi haka ka huta.

Ɗan Fagge (Kano): Wannan ai ba tafiya ba ce, ɗan'uwa. Ka yi kilomita 500 kana kallon bango?

Ɗan Damagaram (Montreal): Zo ka yi awa uku a kai ka gani. A titi in ka samu gangara kana hutawa, fitilar hanya ta tsayar da kai kana hutawa. Nan gumi har ƙasa yake taruwa. Kuma in maganar adalci ake, mutanen Ostireliya da Afirka ta Kudu fa? Su a tsakiyar bazararsu suke yi, da gajeren wando, rana har bayan 7:00 na yamma, kuma jeri ɗaya ake sa mu da su.

Alhaji na Leeds: Ni ba na raina na ɗaki, amma ba abu ɗaya ba ne, kuma shi ma ya sani. A ɗaki iska ba ta tare ka, kilomita tana zuwa da arha. Wahalar waje ba a fedar take ba. Tana wajen sa jiƙaƙƙen takalmin jiya, da wanke sarƙa da yatsun da ba ka jin su. Amma ranar da titi ya daskare, wanda ke da na'ura ya hau abinsa, ya fi a kwashe shi da karyayyen ƙugu. A nan ina bayanka, ɗan Damagaram.

Sadiku (Landan): Ina ta karantawa ina dariya. Ni da nake kai abinci da keke bayan lakca, abin da kuke kira gasa shi ne aikina, kuma makon nan ne ma oda ta fi yawa. Ba mai tafa mana. Amma tunda Yaya ya tambaya, ga abin da titi ya koya min.

Batirin waya sanyi na shanye shi. Kana ganin kashi 40, ka ciro ta a aljihun waje ta mutu, tafiyar ranar ba ta shiga Strava ba, shi ke nan ka yi wa banza. Ka sa ta a aljihun ciki kusa da jiki, da abin caji. Fitila biyu a baya, don ɗaya za ta mutu ba ka sani ba. Doka ma ta ce daga faɗuwar rana sai da fara a gaba da ja a baya, amma ni ko da rana a kunne nake barin su, rana a wannan lokacin ƙasa-ƙasa take, tana shiga idon direba. Robar birki ka saya ka ajiye, ruwa da yashi na cinye ta da sauri. Gishirin da Alhaji ke so kuma shi ke sa sarƙa tsatsa kafin safiya, sai ka ɗauraye ka goge ka sa mai duk dare. Tub biyu, ba ɗaya ba, kada ka ce za ka zauna yin faci a bakin titi, gam ba ya kamawa da kyau a jiƙe.

Ƙafa kuwa, safa ɗaya mai kauri ta ulu, sai ledar burodi a kai, sai takalmi. In ka cusa safa uku takalmi ya matse, jini ba ya zagayawa, sanyin ya fi.

Alhaji na Leeds: Sadiku, Allah ya yi maka albarka. Duk cikinmu kai ne malamin. Na ƙara da ɗaya: singiletin auduga ka bar shi a gida. Yana shan gumi ya riƙe, ya manne a baya. Na ulu ko na roba, ko na Aldi ko Decathlon ya wadatar, ba sai mai tsada ba.

Sadiku (Landan): Amin Baba. Nan Landan akwai masu yin nasu a Regent's Park, zagaye ɗaya kusan kilomita huɗu da rabi. Sama da zagaye 110 ke nan. Ina wuce su da jakar abinci a baya, ni ina tausayinsu su suna tausayina.

Maman Sultan (Landan): Bari in sa baki ta ɓangaren aikina, don akwai masu karantawa shiru da za su ce su ma za su gwada. Duk mai sikila, SS ko SC, kada ya shiga wannan sai ya yi magana da likitansa. Sanyi, da ƙarancin ruwa a jiki, da wahala mai tsawo, ukun nan kowanne shi kaɗai yana iya tayar da ciwon, nan kuma an haɗa su wuri guda. Mai asma ya tafi da abin shaƙarsa a aljihun ciki. Mai hawan jini ko ciwon suga da bai saba motsa jiki ba, ba a farawa da kilomita 85.

Ga masu lafiya kuma, a sanyi ba a jin ƙishirwa, sai mutum ya dawo da gorarsa a cike. Ku riƙa kurɓa ko ba ku so. Ci ma haka, kada a jira yunwa. Manyan dabino biyu ko uku duk awa, ko ayaba, ko burodi da zuma. Idan abokin tafiyarka ya fara karkarwa ba ƙaƙƙautawa, magana na sarƙe masa, yana kasa zuge zif, zafin jikinsa ne ke sauka. Ba a ce masa daure saura kaɗan. A shiga da shi wuri mai ɗumi, a cire jiƙaƙƙun kaya, in ya fara rikicewa a kira 999.

Kuma ranar 25 kada ka dogara da shago. Manyan kantuna doka ta hana su buɗewa a Ingila ranar, sai gidan mai da 'yan ƙananan shagunan unguwa. Jirgin ƙasa ma ba ya aiki, ranar 26 kuma kaɗan ne ke fita. In keke ya lalace maka a Knutsford ranar nan, sai dai a zo a ɗauke ka.

Ɗan Fagge (Kano): To ni fa duk wannan bayanin ya sa na ji sha'awa. Tunda Strava ba ta tambayar ƙasa, zan shiga daga nan. Mu ma hunturu muke ciki. Kuma a daina yi mana kallon baƙi a harkar keke. Kakanninmu da Raleigh mai giya ɗaya suke ɗauko buhun gero daga ƙauye zuwa kasuwa su koma a ranar, har masana'antar Raleigh aka yi a nan Kano.

Baban Iman (Mancesta): Ɗazu kai ne mai yi min addu'ar samun lafiya.

Ɗan Fagge (Kano): Har yanzu ina yi, na haɗa da kaina. Amma gaskiya namu ya fi naku sauƙi ta wani wajen. Rana na fitowa kafin 7:00, ba ta faɗuwa sai bayan 6:00, awa goma sha ɗaya da wani abu. Sanyin asuba rigar sanyi ɗaya ta ishe shi, kafin 10:00 ka cire. Matsalarmu ƙura. Ranar da hazo ya sauko sosai, mai tirela ba ya hango ka sai ya zo kanka, ga maƙogwaro na kartawa, leɓe na tsagewa. Sai takunkumi da man kaɗanya. Ga 'yan adaidaita sahu da ke tsayawa ba sigina, ga motocin ƙarshen shekara kowa na sauri. Ni Wudil zan riƙa zuwa in dawo, kusan 80 ke nan, kwana shida da ɗan ƙari an gama. Kuma ba ni kaɗai ba, mu huɗu ne muke fita, ba ma kama hanyar da ba mu sani ba.

Maman Sultan (Landan): Ranar da hazon ya yi kauri ka zauna a gida, Ɗan Fagge. Mai tuƙa keke yana shaƙar iska ninkin ba ninkin na mai tafiya a ƙasa, ƙurar kuma har cikin huhu take sauka. Taka ranar hutun ke nan, kamar yadda ƙanƙara take tasu.

Maman Iman (Mancesta): Salamu alaikum. Ina ga an manta ina cikin zauren nan.

Ɗan Fagge (Kano): Innalillahi. Yaya, sauka daga keken nan.

Maman Iman (Mancesta): Ban hana ba. Tun bazara yake hawa, cikinsa ya ragu, barcinsa ya gyaru, ni shaida ce. Amma kowa a nan ya yi lissafin rana da ƙanƙara da salla, ba wanda ya yi lissafin gida. Kilomita 85 a irin tafiyarsa awa huɗu ne da wani abu. Kafin ya fita awa guda yana shiri, ya dawo awa guda yana wanke keke a bahon wankan yara, sannan ya miƙe a kujera sai isha. Yara uku na hutu, gari ya yi duhu tun 4:00, ni ma aiki nake zuwa kwana uku a cikin takwas ɗin. Hutun nan shi ne kaɗai muke samu tare a shekara.

Sharaɗina: ranakun da nake aiki ba fita, sai in ya samo mai zama da su. Ranar 25 muna da baƙi daga Bolton, ya fita ya dawo kafin azahar. Ya kunna min inda yake a waya duk lokacin da yake waje. Kuma keke a bayan gida za a wanke shi.

Malam Habu (Birmingham): Hajiya ta fi mu hujja. Haƙƙin iyali yana gaba da wannan nesa ba kusa ba.

Alhaji na Leeds: To an koma kwana biyar, ɗaya ma rabi ne. Baban Iman, gaskiya da wuya 500 ta fita a haka, sai in gari ya yi maka kirki duka kwanakin, kuma ka iya 110 a rana. Ni a ganina ka sa 300 a ranka, abin da ya ƙaru riba ne. Strava ba za ta ba ka lambar yabon ba, amma ba za ka fita ranar ƙanƙara don cike gurbi ba.

Ɗan Damagaram (Montreal): Ko ya ari na'ura ya yi awa ɗaya da rabi bayan yara sun kwanta. Kwana uku, ya samu fiye da 100 yana cikin gida. Ku dai ba ku son a ce na yi gaskiya.

Baban Iman (Mancesta): Akwai wani abokin aikina da ke da ita, zai tafi Legas hutu, zan tambaye shi gobe. Maman Iman na karɓi sharuɗɗan duka. Ranka ya daɗe, wace rana za ka iya zuwa?

Alhaji na Leeds: 27 ko 28, wadda ba ta faɗa ranar aikin Hajiya ba. Da mota zan zo, keken a baya. Mu haɗu 9:30, in titi ya bushe mu yi Knutsford mu zagayo ta Tatton Park. Ka sa wa kekenka marfin taya mai tare taɓo kafin ranar, ba zan bi bayanka ina shan ruwan titi ba.

Maman Iman (Mancesta): 28 ta yi, Baba. Ku taho da Hajiya ta wuni a wajenmu, zan yi tuwon shinkafa.

Sadiku (Landan): Akwai wanda ke da tsofaffin safar hannu masu hana ruwa da ba ya amfani da su? Nawa sun yage a babban yatsa, kuma sai wata ya ƙare za a biya mu.

Alhaji na Leeds: Turo min adireshinka ta gefe, da girman hannunka.